Rahoton Ayyukan Shekarar 2020 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Ɗakin Karatun Asibiti, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, likitoci, ma'aikatan jinya da ungozoma, masu harhaɗa magunguna, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje.

Tun watan Janairu ya kamata wannan rahoto ya iso hannunku, kuma ina neman afuwa bisa jinkirin da aka samu. Dalilinsa shi ne ma'aji ya ƙi rufe littafin kuɗi, yana jiran waɗanda suka yi alkawarin biyan bashinsu a ƙarshen wata, har aka yi ƙarshen wata sau biyu ba su bayyana ba. Da muka ga jiran ba shi da ranar ƙarewa, sai kwamiti ya umarce ni da in rubuta abin da ke akwai.

A taron farko na shekarar kun amince da ayyuka uku: sayen inbata da batura domin kwamfutocin ɗakin karatu su daina mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, fassara takardun wayar da kan marasa lafiya zuwa Hausa, da sake jera tsofaffin littattafai da mujallu bisa tsari. Ba a yi nisa ba sai aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, sannan ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. A watan Afrilu gwamnatin Filato ta kafa dokar zaman gida, Taminus da titin Ahmadu Bello suka yi tsit, mu kuwa muna bakin aiki.

Rufe zauren karatu

Mun ba hukumar asibiti shawarar a rufe zauren karatu, kuma na san har yau akwai masu jin haushin hakan, musamman likitoci masu shirin jarrabawar ƙwarewa waɗanda can ne kaɗai wurin da suke samun natsuwa. Ina so su tuna cewa zauren ƙarami ne, tagoginsa biyu ba sa buɗuwa, kuma masu shigarsa daga ɗakunan marasa lafiya suke fitowa. Aron littattafai bai tsaya ba. Mun ajiye kwali a bakin ƙofa, duk littafin da aka dawo da shi sai ya yi kwana uku a ciki kafin a mayar da shi kanta, kuma mun hana fesa wa littattafai sinadari bayan da wani mai kyakkyawar niyya ya jiƙe babban littafin ilimin magunguna har shafukansa suka manne da juna.

Sauran aikin ya koma waya. Malamar da ke kula da ɗakin karatu ta riƙa karɓar tambayoyi ta zauren WhatsApp, ta nemo amsa a PubMed, ma'ajiyar binciken likitanci ta intanet, da LitCovid, wato ma'ajiyar binciken korona da babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya buɗe, da Cochrane mai tattara sakamakon binciken lafiya ya tantance su, da AJOL mai tattara mujallun Afirka, da kuma Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma a 2002 domin cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun da kuɗinsu ya fi ƙarfinsu. An yi sa'a manyan mujallu irin su Lancet da BMJ sun buɗe rubuce-rubucensu na korona kyauta. Abin da ba kyauta ba shi ne data, kuma watanni da dama da kuɗin aljihunta ta saya. Har yanzu ƙungiya ba ta gama biyanta ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu duka.

Dole in yi magana kan lambar sirrin Hinari. Ta cibiya ce, ƙa'ida ta hana a ba wanda ba ma'aikacinta ba, kuma idan aka kama ana rarraba ta za a iya rufe mana ƙofar gaba ɗaya. Duk da haka sai da muka ji cewa ta isa hannun mutanen da ba su taɓa taka asibitin nan ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wasu daga cikin masu kirana da tsakar dare suna neman lambar su ne waɗanda ba sa ɗaga waya idan na kira su kan kuɗin wata.

Mun kuma buga ƙa'idojin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kan kula da masu cutar da kare kai daga kamuwa, muka kai kowane sashe. Takardar da ta fi amfani ita ce mai nuna jerin yadda ake sa kayan kariya da yadda ake cire su, wadda muka yi wa laminatin muka manna a ƙofar ɗakin killacewa daidai tsayin ido, domin wajen cirewa ne mutum ya fi gurɓata hannunsa idan gajiya ta kama shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini cewa ko da ƙarfe uku na dare, gilashin fuskarta ya yi hazo, sai ta tsaya ta bi takardar layi bayan layi kafin ta taɓa takunkuminta. Tawadar firinta ta ƙare mana sau biyu, kuma tun da ana sabunta ƙa'idojin, sai mun bi sassa muna janye tsofaffin kofe.

Bitar watan Yuli

Idan akwai abin da ƙungiyar nan za ta yi alfahari da shi a wannan shekara, to bitar da muka shirya ce kan yadda ma'aikacin lafiya zai tantance sahihin bincike daga jita-jita. Kun tuna halin da ake ciki: kullum sai an turo saƙon murya kan tafarnuwa da citta, ko kan cewa wai fasahar sadarwa ta 5G ce ke kawo korona, ko kan maganin gargajiya na Madagaska, kuma wasu masu turowar abokan aikinmu ne. Tun a watan Maris aka ba da rahoton mutanen da suka sha kulorokwin fiye da kima a Legas har aka kwantar da su.

Mun yi bitar a farfajiyar da ke bayan ɗakin karatu, ƙarƙashin rumfa, kujeru nesa da juna, bokitin wanke hannu a bakin shiga. Damina ce, kuma kun san ruwan Jos ba ya sallama, don haka muka raba mahalarta rukuni uku cikin yini guda, wanda ya ba masu aikin dare damar halarta kafin su tafi gida. Majigin aro ne, zanin gado fari muka ɗaure a bango ya zama allo.

Mai gabatarwa, ɗaya daga cikin manyan likitocinmu, ya kawo misalai biyu daga watan da ya gabata, kuma da su ya riƙe zaman. Na farko shi ne binciken da Lancet ta buga a watan Mayu kan haɗarin haidiroksikulorokwin, wani magani dangin kulorokwin, wanda aka janye a farkon Yuni saboda an kasa tabbatar da bayanan da aka gina shi a kai. Ya nuna mana shafin da tambarin janyewa a kansa, ya ce girman sunan mujalla bai ɗauke wa mai karatu nauyin tambayar daga ina aka samo alƙaluma ba. Na biyu shi ne gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba marasa lafiya dubbai ta hanyar ƙuri'a. Gwajin ya nuna haidiroksikulorokwin ba ya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar, sannan ranar 16 ga Yuni ya sanar cewa dezametason, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga masu karɓar iskar oksijin kawai, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba.

A nan ne wata mai harhaɗa magunguna ta miƙe ta ce wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi shafarmu, domin dezametason yana da araha, yana nan a kowane kemis daga Farin Gada har Bukuru, kuma dama akwai masu shansa don su yi ƙiba. Ta ce idan labarin ya bazu ba tare da sharaɗinsa ba, za mu ga masu ciwon sukari suna zuwa mana a galabaice, tun da maganin yana ɗaga sukarin jini. Nan take aka amince a rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, kuma kafin mako ya zagayo yana manne a sashen marasa lafiya na waje. Daga nan kowa ya ciro wayarsa, Malama ta bi kujera bayan kujera tana nuna yadda ake bincike a PubMed da yadda ake gane rubutun da masana ba su tantance ba tukuna. Na ga Baba na ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya kusa ritaya kuma ya sha cewa shi da intanet sai dai gaisuwa, ya nemo da hannunsa wani rubutu kan ɗaukar samfur daga hanci, irin wanda ake aikawa cibiyar bincike ta Vom da ke kusa da Jos domin gwaji, ya ɗaga wayar sama yana nuna wa na kusa da shi. Ruwa ya sauko a rukuni na uku, aka ja kujeru zuwa baranda, kuma babu wanda ya tafi. Muna godiya ga shugabar ma'aikatan jinya da ta sassauta jadawalin aiki, da mambobi huɗun da suka ɗauki nauyin shayi da burodi.

Tarukan wata-wata an yi wasu ta waya, wasu kuma ba su yiwu ba saboda rashin cikar adadi.

Abin da ba a kammala ba

Ba a sayi inbata ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, don haka ga yadda abin yake. Mun karɓo farashi a watan Fabrairu. A watan Maris Babban Bankin Nijeriya ya sauya farashin dala a hukumance daga naira 306 zuwa 360, kuma batura kayan waje ne, saboda haka da aka buɗe kasuwa muka koma sai muka tarar kuɗin ya tashi. Abin da ke asusu kuma mun riga mun taɓa shi wajen tawada, takarda da laminatin, kuma ban yi nadamar wannan ba, domin a lokacin ya fi gaggawa. Da ko rabin masu bashi sun biya, da an cike giɓin. Sakamakon haka, sau da yawa wuta na ɗaukewa ana tsakiyar sauke rubutu, janaretan asibiti kuwa ɗakin tiyata da sashen gaggawa yake fara kaiwa, kuma haka ya dace.

Fassarar takardun wayar da kai ta tsaya a rabi. Mutum shida ne suka ɗaga hannu a taro, biyu suka kawo aikinsu. Abin da aka gama yana jiran likita ya duba shi, domin ba za mu raba wa jama'a bayanin magani da ba a tantance ba. Jera littattafai kuwa ba a ma fara ba, tun da zauren a rufe yake.

Kuɗin wata

Waɗanda suka biya cikakken kuɗin shekara ba su kai rabin mambobi ba. Na san shekarar ta yi tsanani, kayan abinci sun yi tsada, an yi yajin aiki, wasunmu sun kwanta da cutar kanta, kuma duk wanda ya zo ya faɗa wa ma'aji halin da yake ciki an ɗaga masa ƙafa ba tare da kowa ya ji ba. Maganata tana kan wanda yake karanta saƙo ya yi shiru, ya canza hanya idan ya hango ni a baranda, amma yana cikin na farko wajen neman a turo masa mujalla. Aikin sa kai nake yi, ina da nawa aikin dare kamar kowa, kuma na gaji da bin manyan mutane kamar mai karɓar adashi.

Allurar rigakafin korona ta AstraZeneca ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta hanyar COVAX, shirin raba rigakafin korona ga ƙasashen duniya, kuma aka sa ma'aikatan lafiya a sahun gaba. Tambayoyi sun riga sun cika zauren WhatsApp, kan masu juna biyu, masu shayarwa da masu hawan jini, kuma Malama ta soma tattara amsoshi daga takardun Hukumar Lafiya ta Duniya da na hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Buga su yana buƙatar tawada, kuma wadda ke cikin firinta ta kusa ƙarewa.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa, ko ya biya ko ya nemi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. A wannan taron za a zaɓi sabon sakatare, kuma ina roƙon wanda bai taɓa riƙe wani muƙami ba ya fito.

Sakataren ƙungiya
Jos, Maris 2021