A riƙa tambayar mai ciki irin wahalar da ta taɓa sha

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wani ciwo da nake gani a ƙauyukan ƙaramar hukumar Ringim, inda nake aikin lafiya a matakin farko. Mace za ta haihu, a yi suna, a yi ta wankan jego da kunun kanwa, amma ba ta iya barci ko da jaririnta ya yi barci, abinci ya fita daga ranta, tana kuka a ɓoye. Dangi sukan ce kunyar haihuwar fari ce, ko kuma iska ce ta taɓa ta. Sau da yawa ciwon damuwa ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shi da makamantansa suna kama kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego a ƙasashe masu tasowa.

Abin da ya fi damuna shi ne, matan da aka taɓa cin zarafinsu, ko ta hanyar fyaɗe tun suna ƙanana, ko duka da wulaƙanci a gidan aure, sun fi shiga haɗarin wannan ciwo. Na ga wadda jikinta yake rawa da zarar an ce ta kwanta a duba ta, saboda buɗe jiki a gaban wani da zafin naƙuda suna dawo mata da abin da ta yi shekaru tana haɗiyewa. Mu kuwa a ranar awo muna auna hawan jini, mu duba kwanciyar ɗa, mu ba da maganin ƙarin jini, ba mu taɓa keɓe ta mu tambayi abin da ke zuciyarta ba, alhali uwar mijinta tana zaune a gefe.

Jihar Jigawa ta amince da dokar hana cin zarafi a 2021, muna kuma da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, sai dai matar ƙauye ba za ta amfana ba idan ba wanda ya gano halin da take ciki. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ta koyar da mu da ungozomomi yadda ake yin wannan tambaya cikin sirri da mutunci, ta kuma bayyana mana inda za mu tura mai jegon da damuwarta ta wuce mako biyu ba ta yi sauƙi ba, tun kafin a yi arba'in.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar lafiya, Ringim, Jihar Jigawa