Karatun motsa jiki ba wasan yara ba ne

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan kwas ɗin da nake karantawa, wato ilimin motsa jiki da lafiya, wanda aka fi sani da PHE. Ina aji uku a jami'a yanzu amma har yau in na faɗa wa mutum sai ya ce "au, kwas ɗin guje-guje da tsalle-tsalle?" Wani kawuna ma cewa ya yi da na zauna a kasuwar Terminus ta nan Jos na koyi kasuwanci da ya fi min. Wallahi maganar tana min ciwo, don mu fa sai mun san ƙasusuwan jiki 206 da tsokar da ke jan kowace gaɓa, da yadda zuciya ke harba jini in mutum na gudu, ga abinci, ga taimakon gaggawa, ga lissafi kuma.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da na gani watan jiya a wani gidan motsa jiki nan Jos. Wani dattijo ne yake ɗaga ƙarfe ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi idonsa ya yi jawur, yaron da ke koyar da shi kuwa sai faɗi yake "ƙara Baba, ƙara!" Na matsa na ce Baba dan Allah ajiye, kana da hawan jini? Ya ce shekara shida yana shan magani. Riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi yana sa jini ya hau farat ɗaya, mu tun aji biyu aka koya mana wannan, shi yaron ba wanda ya taɓa faɗa masa, ƙirjinsa kawai aka gani aka ba shi aikin.

Ummata ma hawan jinin gare ta. Da izinin likitanta muke fita bayan asuba duk sanyin Jos, ta sa suwaita da safa mu yi tafiyar minti 30 sau 5 a sati, ka ga minti 150 ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu. In mun tsaya sai in kama wuyan hannunta in ƙirga bugun na sakan 15 in ninka sau 4. Maganinta ba ta daina ba, amma yanzu tana hawa tudun gidanmu ba haki.

Mu ma dai muna da kuka, yawancin na'urorin gwaji a hoto muke ganinsu, a rubuta a haddace a yi jarabawa shikenan. Sabuwar manhajar da NUC, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, to dan Allah malamai a cika gurbin nan da aikin hannu, a tura mu asibitoci da filin wasa na Rwang Pam da makarantun firamare. Ga Jos a kan tudu kusan mita 1,200, ga yaran Pankshin da suka yi suna a gudun dogon zango, a ba mu kayan aiki mu je mu auna su da kanmu mu rubuta furojet a kai.

Naku,
wani ɗalibi daga Unguwar Rogo, Jos