A koya wa ɗalibai binciken kanel kafin a koya musu goge kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da malaman da ke koyar da kwamfuta a manyan makarantunmu na Sakkwato. Ɗaliban da ake turo mini shago don sanin makamar aiki sun iya saka Linux, wasu har sun iya haɗa kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa na'urar, da kansu. Amma da na'ura ta daskare, maganinsu ɗaya ne: a goge a sake sakawa. Ba mai tambayar abin da ya kayar da ita.

Kayan binciken kuwa suna nan cikin kanel ɗin, kyauta. Wanda ya buga make menuconfig, umarnin da ke buɗe saitunan kanel, zai ga sashen Kernel hacking can wajen ƙasa. A nan ake kunna bayanan DEBUG_INFO, a kuma leƙa sashen General setup a tabbatar KALLSYMS na aiki, domin in kanel ya faɗi ya rubuto sunan aikin da ya faɗi a cikinsa, ba tarin lambobin da ba mai gane su ba. A Kernel hacking ɗin kuma Magic SysRq yake, wanda sau da yawa ke sa na'urar da ta ƙi motsi ta amsa maɓalli, ta faɗi abin da take yi.

Sai dai akwai wasu yaran da, daga ranar da suka gano sashen nan, sai su bi layi suna kunna komai. Wannan ma ɓarna ce. Ɗauki KASAN, mai kama shirin da ya taɓa ma'adanar da ba tasa ba. Kayan aiki ne na gaske, amma kashi ɗaya cikin takwas na RAM yake riƙewa. A kwamfutar gwanjo mai giga 4, irin wadda yawancin ɗalibanmu ke iya saye, rabin giga ya tafi ke nan tun ba a buɗe komai ba, ga nauyin da yake ɗora wa aiki. Ka ƙara masa lockdep mai sa ido kan makullan da ke hana ayyukan kanel yin karo da juna, sai ka ji fanka na kuka, yaro kuma ya zo yana cewa Linux ba ta da sauri. Likita ba ya rubuta wa mai ciwon kai duk gwajin da ke asibiti. A fara duba dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, a ga alamar ciwon, sannan a zaɓi abin da za a kunna.

Ni kanel biyu nake ajewa a GRUB, wato shirin da ke tayar da kanel in an kunna na'ura: na aiki da na bincike. A na aikin KFENCE kawai nake bari, mai kama irin kuskuren da KASAN ke kamawa, wanda ya shigo a kanel 5.12 cikin 2021, don shi ba ya da nauyi. In kuma matsalar jinkiri ce ba faɗuwa ba, perf top, mai nuna aikin da ke cinye ƙarfin na'ura, ya wadatar. Tun 2009 perf ke cikin kanel, amma da wuya ka sami ɗalibin da ya taɓa buga shi.

Wani abu da littattafan waje ba su damu da shi ba: zafin garin nan. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, kwamfuta kan mutu ba laifin kanel ko kaɗan. Shi ya sa nake sa yaro ya buɗe ta ya hure ƙurar, ya gwada RAM da memtest86+, kafin ya taɓa .config, fayil ɗin saitunan kanel.

Roƙona ga shugabannin sassan kwamfuta shi ne kowane ɗakin gwaji ya ware tsofaffin na'urori biyu. Ɗaya a bar ɗalibai su kayar da kanel ɗinta da gangan, ɗayar ta karɓi saƙon faɗuwar ta netconsole, mai aika saƙonnin kanel zuwa wata na'ura, su zauna su karanta layi-layi. Tsofaffin da ke jibge a sito ma sun isa, ba sai an nemi kuɗin sayen sababbi ba.

Na gode.

Mai gyaran kwamfuta,
Unguwar Mabera, Sakkwato