Wasiƙar Godiya ga Sutudiyon da Ya Haɗa Mana Sautin Kalangu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu ta makaɗan kalangu domin in gode wa shugaba da ma'aikatan sutudiyon nan na Titin Gidan Zu a Kano, waɗanda suka ɗauki waƙoƙinmu suka kuma haɗa sautinsu. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a ne saboda yadda injiniyanku ya riƙe aikinmu abu ne da ya shafi duk makaɗin gargajiya da ke shakkar shiga sutudiyo.

Sanin kowa ne cewa yawancin aikin sutudiyoyin garin nan na fiyano ne, inda kiɗa ke tafiya a kan ma'auni ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan a bi muryar mawaƙi da Auto-Tune, manhajar da kamfanin Antares ya fitar a 1997, a daidaita ta. Ba na kushe wannan, domin yana da masoyansa, sai dai kalangu ba haka yake ba. Makaɗi yakan matse tsarkiya a hammatarsa ya kuma sassauta, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Wannan hawa da sauka yana ratsawa ne ta tsakanin sautukan fiyano, don haka duk wanda ya tilasta masa zama a kansu ya kashe maganar da ke cikin kiɗan.

Injiniyanku ya san wannan sarai. Ƙugin janareta da ya shiga makirufo ya cire shi, kurkutun da ke neman danne muryar jagora ya rage shi, 'yan amshi kuma ya ɗaga su har kowace kalma ta fito, kuma duk wannan bai tsaya neman izini ba, domin aikinsa ne. Amma da ya zo wani baiti na waƙar inda jagoranmu, dattijo ne, ya ɗan yi jinkirin shiga bayan amshi, sai ya tsayar da na'ura, ya zare abin sauraro daga kunnensa ya ce, "Baba, in matso da shi ko in bar shi?" Ya kunna masa gyararren da na asalin. Dattijon ya ce a bar shi, domin da gangan yake jira amshi ya sauka kafin ya jefa magana, kuma haka aka bar shi.

Injiniyan bai kuma zama ɗan amshin Shata ba. Lokacin da muka nemi a cika amsa-kuwwa a muryoyin, ya faɗa mana gaskiya cewa za ta lulluɓe kalmomi, musamman a lasifikar waya, wadda da ita yawancin mutane za su saurara. Ya jiyar da mu, ya bar mana zaɓi, muka bi shawararsa. A ganina nan ne iyakar injiniya take: ya gyara abin da ɗaki da na'ura suka ɓata, ya ba da shawara a kan saura, amma kada ya sauya abin da hannu da bakin mai waƙa suka yi sai da yardarsa.

Muna roƙon ku horar da yaran da ke koyon aiki a wurinku a kan wannan ɗabi'a. Da yardar Allah za mu dawo da mai gogenmu domin ɗaukar sauran waƙoƙin. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Sakataren ƙungiya, Kano.