Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jigawa: kafin a rubuta ruwan kogi da sunan masu takarda

Mai girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo, ya ƙara lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne. Da na ajiye alli sai na koma fadamar da mahaifinmu ya bar mana a ƙasar Kirikasamma. Da damina shinkafa, da rani albasa da tattasai, wata shekarar alkama idan ruwa ya yarda. Kwana biyun nan maganar rajista da lasisin amfani da ruwa ta yawaita a bakin masu zuwa mana daga birni, shi ya sa na ce bari in faɗi tawa tun ba a gama rubutun ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya same mu bara da rani. Wani mai hali ya sayi gonaki a saman ƙoramar da muke sha, ya jera buhunan yashi ya tare ta, ya dasa manyan injina. Kafin mako ya zagayo ganyen albasata ya kwanta, ƙasar komi ta tsage har yatsa na shiga. Muka ɗunguma da bulama da sarkin ruwa muka je. Yaron da ke kula masa da gonar bai ko tashi daga kan jarkar da yake zaune ba. Ya zaro wata takarda daga cikin leda, ya ɗaga mana ita, ya ce: “Ga tamu. Ina taku?” Dattawa goma sha, har da wanda kakansa ya ja ruwa da jigo a wannan ƙorama, aka rasa mai amsawa. Sai a gaban hakimi aka samu ya yarda zai riƙa buɗe mana dare biyu a mako, shi ma kamar alfarma.

Daga baya na nemi dokar na karanta. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta damƙa ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, kuma Kogin Haɗejia yana ciki, tunda daga Kano ya taso ya ratsa mu ya shiga Yobe. Amma ita dokar ta bar wa mai gona a bakin ruwa damar ɗiba kyauta don gidansa da dabbobinsa da ban-ruwan gonarsa, ko da haƙƙin gargajiya yake riƙe da filin. Ta kuma yarda kowa ya sha ya shayar da dabba a ruwan da jama'a ke da hanyar isa gare shi. Ashe da haƙƙinmu muka tsaya a gaban yaron nan muna sunkuyar da kai. Abin da muka rasa shaida ce kawai.

Don haka ni ba na cikin masu cewa a bar zancen rajista. Na san yadda ƙudurin dokar ruwa ta ƙasa ya sha suka har majalisar dattawa ta yi watsi da shi a 2023, kuma na san hukumar tarayya mai ba da lasisi tana da ƙa'idojinta tun 2016. Wannan na Abuja ne. Abin da ke hannunka shi ne ƙasa, domin dokar filaye ta 1978 ta sa ta a riƙon gwamna, ƙananan hukumomi kuma su ke ba da shaidar mallaka a karkara. A bakin kogi kuwa, wanda ya riƙe gaɓa shi ya riƙe ruwa. Duk takardar fili da aka sa wa hannu a fadama, takardar ruwa ce, ko ba a rubuta haka a jikinta ba.

Tsorona shi ne wanda rajista za ta manta da shi. Masunci ba shi da gona, amma kowa a garin ya san tafkin da gidansu ke su a cikinsa, da lokacin da sarkin ruwa ke hana shiga har kifi ya girma. Bafulatani ba shi da ko taku ɗaya a gaɓa, amma burtalin da ke kai shanunsa mashaya ya girmi yawancin gonakinmu. Ga matan da ke karɓar aron ɗan fili su shuka alayyafo da yakuwa, ga masu haya da masu jingina. Idan aka ce sai mai takardar fili ne zai shiga littafi, duk waɗannan sun zama baƙi. Mai gona ya zagaye gaɓa da waya, doka ta ce a sha kyauta, amma ta ina za a bi? Rabin faɗan manoma da makiyaya da nake gani a wajenmu daga toshe mashaya yake farawa, ba daga ɓarna ba.

Roƙona, a fara rubuta na jama'a kafin na mutum ɗaya: mashaya da burtalinta, tafkunan su, wurin ɗibar ruwan gida, da ranakun da kowace unguwa ke karɓar ruwa a ƙorama. A yi shi a ƙofar gidan bulama, da rana, a karanta da Hausa kowa ya ji, da arɗo da sarkin ruwa da sarkin noma a zaune, a bar kwafi a garin. Kada a karɓi ko sisi daga mai ƙaramin inji. Fetur kaɗai ya ishe shi. Mai manyan injina shi ya kamata a auna abin da yake ja, a rubuta masa iyaka, a kuma rubuta abin da dole ya saki ga na ƙasa da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun muna yara malamai ke karantar da mu cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma Manzon Allah (SAW) ya hukunta na sama ya riƙe ruwa zuwa idon sawu sannan ya saki.

Sai kuma maganar da ta fi ƙarfin bulama. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke cika fadamunmu ta bar zuwa da lokacinta na da. Birnin Kano na sha, Kadawa da Kura na ban-ruwa, Auyo na nata, mu na can ƙarshe sai abin da ya rage. Ciyawar kachala kuma ta cike hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. Wani gari ruwa ya kwanta a gonaki shekara da shekaru, maƙwabcinsa yana haƙa yashi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ɗaya fuskar abin. Takardar da ta ce ina da haƙƙin ruwa ba ta da amfani idan ban san ranar da zai iso ba. Muna roƙo ka zauna da hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are da takwarorinka na Kano da Yobe, a fitar da jadawalin sakin ruwa, a riƙa sanar da shi a rediyo kafin mu zuba iri. Wannan kason na ƙarshen kogi shi ma a rubuta shi.

Bana na rage albasar zuwa rabi, don ban san ko dare biyun nan zai tsaya ba. In ka samu sarari ka turo wakili a watan Maris, lokacin da ƙorama ke ja baya, zan kai shi ya ga buhunan yashin. Har yanzu suna nan.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani manomin rani daga ƙaramar hukumar Kirikasamma