Wasiƙa zuwa ga ɗana kan shirin yara na dogon hutu

Assalamu alaikum ɗana, mai sunan Baba. Da fatan kana lahiya, ya karatu, ya haƙuri da jarabawa? Mu nan Sakkwato kowa lahiya lau, ruwa ya zauna, gero ya wuce ɓuyan kaza a gonakin bayan gari, sai godiyar Allah.

Innarka ta gaya man matasan shiyarmu sun ɗora maka jagorancin shirin yara na dogon hutu a cibiyar fasahar nan da anka gyara bara, wallahi na ji daɗi ƙwarai, don hutun nan na Agusta yana da tsawo kuma yaran da ba su zuwa gona ba abin da sukai sai zaman waya da yawon bakin kwalta. Na kuma karanta tsarin da ka turo ma ƙanenka ta WhatsApp, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka, waya ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana. Tsarin ya yi kyau a ido amma ya yi yawa ɗana. Yau fenti, gobe yankan kwali, jibi balan-balan, gata wasan kwaikwayo, kullum sabon abu, kuma kusan duk kayan sai an saye su a shago. In kunka bi haka yara za su yi murna kam, amma ranar da za a koma makaranta ba wanda zai riƙe abu guda ya ce wannan ni na yi shi tun daga farko har ƙarshe. Abin da nike so gare ka ke nan, kowane yaro ya zaɓi aiki ɗaya ya zauna kanshi har ya ƙare shi, kuma da kayan da ke cikin garin nan.

Fara da fata. Kai ɗan Sakkwato ne, ba ka da uzuri. Fatar jar akuyarmu ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita shekaru aru-aru, daga arewacin Afirka ta shiga Turai suna rufe manyan littattafai da ita suna ce mata fatar Maroko don a hannun 'yan kasuwar can suke samunta, alhali ɗiyanmu na wucewa ta gaban rumfar baduku kullum ba su san daraja tai ba. Ka tahi shiyar madunka da kanka, kada ka aika, ka gaida dattawa ka roƙi guntayen fata da suke zubarwa bayan sun yanka jaka ko matashi, buhu guda zai ishe ku hutun gaba ɗaya. Kuma ka roƙi baduku guda ya riƙa zuwa ko sau biyu a mako. Ka lura da yadda yake koyarwa, ba ya dogon bayani, zai aza fatar bisa icce ya kama basilla ya huda rami huɗu biyar a jere ya miƙa ma yaro ya ce ci gaba. Yaron zai huda a karkace, wani ramin kusa wani nesa, baduku ya duba ya girgiza kai ya ba shi wata guntuwar. Kada tausayi ya sa ka karɓe ka gyara mashi, nan ne da yawanmu muke ɓata yara, ka bar shi ya yini yana huda rami har hannun ya saba. Mako na farko ɗan maratayin makulli ya isa, na biyu 'yar jakar kuɗɗi, wanda hannunshi ya faɗa kuwa ya ɗinka gafaka ya sa Alƙur'aninshi ciki, ka ga wannan ko ya girma ba zai yar da ita ba.

Kuma ka nuna masu inda launin ke fitowa, wannan shi yara sunka fi so. Bagaruwa da ake jima da ita, karan dafi mai ba da ja, gangamau mai ba da ɗorawa, kuloko da ake haɗawa da kashin maƙera don baƙi. Akwai wani ɗan gwaji mai sauƙi, ka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan tsami su kwana biyu, sannan ka sa yaro ya ɗiga ruwan bisa fatar da anka jeme da bagaruwa, yana kallo wurin zai rine ya koma baƙi, don ƙarfen ya haɗu da sinadarin da bagaruwa ta bari a jikin fatar. Za ka ji ihu, kowa na cewa a ba ni in gwada. Ga darasin kimiyya nan kun yi ba allo ba alli.

Amma don Allah ka mutunta masu sana'ar nan. Duk awar da baduku ko mai saƙar faifai ya yi wurinku awa ce da ya bar neman abincin iyalinshi, saboda haka cikin ɗan kuɗɗin da iyaye sunka haɗa a fara fitar da sallamarsu kafin a buga ƙyallen sanarwa ko a ɗinka riguna masu tambari. A shimfiɗa masu tabarma mai kyau, yara su ce masu Malam, kai ma ka zauna ƙasa ka koya tare da su, digirin da kake nema bai koya maka riƙon basilla ba.

Sai tawada da zayyana. Gawayi da ƙaro da ruwa, a daka a tace, yaro ya fere alƙalaminshi na gamba da hannunshi, shi ke nan an haɗa kayan aiki ba a kashe ko sisi ba. A samu alaramman da ya iya zayyanar allon sauka ya nuna masu yadda ake raba fili gida-gida a cika da ja da kore da ɗorawa, aiki ne mai koya ma yaro natsuwa da lissafi, in ya yi gaggawa layi ya karkace kowa ya gani. Kan yumɓu kuma ga shawarata, ka san garinmu, akwai iyayen da in ɗansu ya koma gida da mutum-mutumi ko zanen fuska ba za su sake barinshi ya zo ba, kuma suna da hujjarsu, ba wurin gardama ba ne. To mi zai kai ka can? Kasko, 'yar tukunya, asusu, murhu, ginin soro da zankwaye, ƙofar gari, duk waɗannan sun ishi yaro. Kafin ku buɗe ka je ka gaida liman da mai unguwa ka karanta masu abin da za a yi, ka kuma tsara lokaci daga hantsi zuwa kafin azahar don kada ku ci karo da Islamiyya.

'Yan mata fa, kada a bar su baya, kuma kada a ce nasu kwarashi da lalle kawai. Su yi saƙar faifai da kaba, su yi ɗinkin hula, amma wadda ta ce zayyana take so ko fata a ba ta. A ware masu wurinsu da malamai mata, iyaye sun fi sakin jiki haka. Duk wanda ya ce maka tara mata don ilimi baƙon abu ne a ƙasar nan ka tuna mashi Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji, wato malama jagorar mata, ta aza mata malfa ta tura ta ƙauyuka tana karantar da mata, kuma da waƙa take koyarwar don ta san abin da anka rera ya fi zama a kai. Ku ma ku sa yaran su tsara 'yan baitoci nasu, ko kan tsafta ko kan damina ko kan kakanninsu, su rera ma juna. Masu talla kuwa ba za su iya zaman awa ukku ba, uwa na jiran ciniki, to ka bar ƙofa buɗe, wadda ta aje farantinta ta yi rabin awa a karɓe ta da fara'a, a aje mata aikinta da sunanta gobe ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Akwai wasu yara da nike so ka buɗe ido kansu sosai. Na farko almajirai, Alhamis ba su karatu, ka roƙi malamansu su ba ka aron su ranar, za ka sha mamakin hannunsu, yaron da ya saba feƙe alƙalami da haɗa motar kara ba a koya mashi haƙuri. Na biyu ɗiyan bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga wajen Isa da Sabon Birni da Rabah sunka zauna raɓe a kangaye da gidajen dangi. Waɗannan ba su da kuɗɗin rajista, kada a tambaye su. Wani in ka ba shi takarda da fensir bindiga zai zana maka da babura da gida na cin wuta, kada ka tsawata mashi, kada kuma ka tara mutane a zo a gani, abin da ke cikin ranshi ne yake fitarwa. Ka zauna kusa da shi, in ya so magana ka saurara, in bai so ba ka ƙyale shi, sannu a hankali ka ja shi ga aikin da za ya yi tare da sauran yara. Wannan ya fi duk abin da ke cikin takardar taka nauyi wurina, kuma ina roƙon Allah Ya ba ka ladarshi.

Wasa ma a ba shi haƙƙinshi. A haƙa gidajen dara talatin ƙarƙashin darbejiya, kowa da 'ya'yanshi goma sha biyu, manyan su kara, ƙanana su yi langa da carafke, a samu tsohuwa guda mai baki ta zo ta yi masu tatsuniya da kacici-kacici. Rana ɗaya ku ɗauki mota ku kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga rubuce-rubucen hannu da kayan mutanen da, ku biya Hubbare, a hanya ka sa su lissafo ƙofofin birni takwas, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Taramniya da sauransu, ka ga nawa za su iya kawowa.

Batun tsaro ba wasa. Wuƙa da basilla a ƙirga su da safe a ƙirga su lokacin tashi, ƙananan yara almakashi marar tsini kawai, zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi kuwa babba ke yi su kallo. Ko da wasa kada ka aiki yaro ɗebo yumɓu bakin gulbi, Rima a watan Agusta ba ta da sabo, a sayo wurin magina. Ka aje littafin da ake rubuta wanda ya zo da wanda ya zo ɗaukarshi, a samu randa mai murfi da ruwa mai kyau, yaron da jikinshi ya yi zafi a kira gida nan take, lokacin zazzaɓin sauro ne.

Ranar rufewa a shimfiɗa ayyukan duka, mai kyau da mai karkata, kowane da sunan mai shi, a gayyato iyaye da masu sana'ar da sunka koyar. Ni dai ban son a ce na ɗaya na biyu na ukku, wasu ukku su yi dariya sauran su koma gida da ɓacin rai. In wani ya taya jakar da yaro ya ɗinka kuma yaron ya yarda a saida, kuɗɗin a hannunshi za a sa su. Hoto kuma na san sai kun ɗora a Facebook, ba laifi, ku ɗauki aikin da hannuwa, fuskar ɗan mutane sai da yardar iyayenshi, musamman waɗancan da na ambata maka.

In ka ƙare jarabawa ka shigo motar asuba daga Zariya, ka san halin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ban yarda da tafiyar yamma ba. Akwai tabarmi huɗu da tsohon tebur a zaure, na ce ma ƙanenka ya kakkaɓe su ku kai cibiyar. Innarka na gaisheka, ta ce ita za ta riƙa koya saƙar faifai ranar Talata in kuna so. Allah Ya yi maka albarka, Ya kawo ka lahiya.

Mahaifinka.