Garantin Babur: Alkawarin Kamfani, Amma a Hannun Dila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da masu babura suka daɗe suna kokawa da shi, wato irin kulawar da suke samu daga dilolin da suka sayar musu da babur da kuma kamfanonin da suka ƙera shi, bayan an biya kuɗi an karɓi makulli.

Duk wanda ya taɓa sayen sabon babur ya san irin fara'ar da ake tarbarsa da ita ranar ciniki, ya kuma san cewa fara'ar nan ba ta cika kaiwa ranar da zai dawo da ƙorafi ba. Idan inji ya fara yoyon baƙin mai, ko giya ta riƙa fita da kanta, ko batir ya ƙi riƙe caji alhali babur bai yi wata uku ba, abin da dila zai ce shi ne sai kamfani ya amince kafin ya taɓa komai. Idan kuma mai babur ya yi ta maza ya nemi kamfanin da kansa, amsar da yakan samu cikin ladabi ita ce ya koma wurin dilan da ya sayar masa. Haka za a bar shi gaba kura baya sayaki, babur yana jingine, shi kuwa yana biyan kuɗin mota ko yana asarar abin da yake samu kullum idan da babur ɗin yake neman abinci.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan halin dila, amma a ganina tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara garantin ne tun farko. Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera babur, sai dai dila ne ke cika shi da hannunsa da makanikansa da filin garejinsa. Kafin a biya shi, sai ya kwance inji ya gano matsalar, ya cike takardar neman biya, sau da yawa ya haɗa da hotuna, ya ajiye abin da ya lalace domin kamfani na iya cewa a aiko masa da shi, sannan ya jira amincewa. Ladan aikin ma kamfani ne ke yanke shi bisa lokacin da ya ƙiyasta aikin zai ci, ko da kuwa makanike ya ɓata ninkin wannan lokaci yana fama da notin da ya ƙi kwancewa. A gefe guda kuma ga masu gyara na kuɗi hannu suna jira a bakin ƙofa. Ba sai an faɗa wa kowa wanda za a fara sallama ba. Shi ya sa babur ɗin garanti yakan ƙare a lungun gareji ƙura tana hawa kansa, kuma duk ranar da mai shi ya leƙo a ce masa kayan suna hanya.

Akwai kuma wani sashe na aikin da masu saye ba su cika sani ba. Babura da yawa suna isowa wurin dila ne a cikin akwati ba a gama haɗa su ba, sai a shago a ɗaura tayar gaba da kan babur da madubai, a haɗa batir, a zuba mai, a daidaita birki da kaca, a bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Idan aka bar wannan aiki a hannun yaron da bai ƙware ba kuma ake gaggauta shi, matsalar da za ta biyo baya ba daga masana'anta ta fito ba, ba kuma daga mai babur ba. Dilan da ya san haka ba zai so labari ya kai kamfani ba, don haka mafi sauƙi a gare shi shi ne ya ce tuƙin mai babur ne ya jawo.

Na taɓa tsayawa a wani shagon dila na ga yadda aka yi da wani dattijo da ya turo baburinsa, injin yana ƙara irin wadda ba ta dace da sabon abu ba. Ma'aikacin da ke kan tebur bai ko tashi ya saurari ƙarar ba. Littafin sabis ya nema, ya buɗe shafin farko, ya sa yatsa a kan gurbin hatimin da babu komai a ciki, ya rufe littafin ya tura masa. Dattijon ya ce ai ya yi juyen mai a kan lokaci a wurin makanikensa, har ya zaro rasidin man daga aljihu, amma aka ce masa garanti ya riga ya faɗi. Da ya tambaya me ya sa ba a gaya masa haka ranar da ya saya ba, sai aka ce ai a rubuce yake.

Sabis ɗin farko yana da muhimmanci na gaske, kuma mai babur yana da nasa nauyin a nan. Sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe a cikin mai yayin da sassansa suke gogar juna suna daidaita, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a juye man a kuma duba bawul a wajen kilomita 1,000 na farko, wasu ƙananan babura ma kafin haka. Haka nan kusan kowane garanti yana cire abubuwan da amfani ke cinyewa, irin su taya da fulogi da kaca da takalmin birki da faifan kuloci da ƙwan fitila. Duk wannan bayani ba zai ci minti goma ba idan dila ya so yi ranar ciniki, amma sai a ɓoye shi a cikin ƙananan rubutu, sau da yawa a harshen da mai saye ba ya karantawa, a fito da shi ranar da ake neman hujjar korarsa.

Wasu ƙasashe sun hango wannan sun yi masa doka. A Tarayyar Turai mai sayarwa ne ke da alhakin duk aibin da kaya suka zo da shi na tsawon aƙalla shekara 2, kuma tun daga 2022 idan aibin ya bayyana a cikin shekarar farko ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai in mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Wato nauyin kawo hujja ya tashi daga kan wanda ba shi da makanike ko na'urar gwaji ya koma kan wanda yake da su. A Amurka kuwa dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani sharɗanta cewa sai an yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kafin garanti ya tsaya, sai fa idan kyauta zai bayar da su. Bisa wannan doka ne hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta ɗauki mataki a kan Harley-Davidson a 2022, ta sa kamfanin ya cire irin wannan sharaɗi ya kuma sanar da masu baburansa haƙƙinsu. Da dattijon nan yana ƙarƙashin irin wannan doka, da rasidin da ke aljihunsa ya yi masa amfani.

Batun da ya fi damuna shi ne na kiran babura a dawo da su idan an gano aibin da zai iya jawo haɗari, kamar na birki ko na bututun mai. Kowane babur yana da lambar jikinsa a buge a ƙarfen wuyansa, kuma da ita kamfani ke gane rukunin da aibin ya shafa. A Amurka mutum yana iya shigar da wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ya ga ko ana neman baburinsa. Amma inda dila bai rubuta sunan mai saye da lambar wayarsa ya aika wa kamfani ba, sanarwar takan tsaya a teburinsa, wanda ya sayi babur a hannu na biyu kuwa babu ma wanda ya san da shi.

Kamfanonin nan ba ƙanana ba ne. Honda kaɗai ta sanar a 2019 cewa ta ƙera babura miliyan 400 tun da ta fara, sannan Bajaj da TVS na Indiya da Haojue na Sin suna tura babura zuwa ƙasashe masu yawa. Wanda ya iya kai babur wuri ya iya kai kayan gyaransa na ainihi wurin, kuma inda ya ƙi kaiwa, jabu ne ke cike gurbin, daga baya sunansa ne ke ɓaci.

Akwai dilolin kirki, kuma masu babura sun san su, domin su ne ake yi wa talla baki da baki ba tare da sun biya ko sisi ba. Abin da nake nema shi ne kada alherin ya dogara ga halin mutum ɗaya. Kamfani ya biya dila ladan aikin garanti daidai da na sauran gyara kuma a kan lokaci, ya buɗe layin da mai babur zai kai ƙara kai tsaye a ba shi lambar ƙorafi da ranar da zai ji amsa, kuma duk lokacin da za a ƙi karɓar garanti a ba shi dalilin a rubuce da sa hannun wanda ya duba injin.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum